Hukuncin Zarton da Ba Ya Ciyar da Mai Shi

Ƙasar da ke tsakanin Garwa da Marwa ƙasa ce ta duwatsu, kuma Allah cikin hikimarsa bai yi su launi ɗaya ba. Wanda ya fita daga Garwa ya nufi arewa zai fara da Tingilin, tsaunin nan mai shimfiɗaɗɗen kai wanda Fali suka zauna a kansa tun kafin Fulani su kafa sarautar Lamiɗo a garin, dutsensa kuwa yashi ne da ya daskare, mai ja-ja idan rana ta yi la'asar. In ya ci kimanin kilomita 90 ya isa Figil, sai ya tarar da farin dutsen mabul da na farar ƙasa, wanda dominsa aka kafa masana'antar siminti a can. In kuma ya ratse wajen Gidar da rani, ya sauka cikin kwazazzabon Kola, inda Mayo Luti ya daɗe yana gugar dutse har ya yi sulɓi, zai ga baƙi da toka-toka, da fararen jijiyoyi sun ratsa su. Almajirin da ya yi tilawa ba zai wuce waɗannan wurare bai tuna da aya ta 27 cikin Suratu Faɗir ba, inda aka lissafa zane-zanen duwatsu, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin, cikin abubuwan da aka ce mutum ya duba, sa'an nan ayar da ke bin ta ta ɗaura tsoron Allah na haƙiƙa ga ma'abota sani.

To, a cikin mutanen wannan ƙasa akwai 'yan kaɗan, galibinsu malaman makaranta da ɗalibai da ma'aikatan da suka ajiye aiki, waɗanda duban bayan dutse bai ishe su ba. Sukan tsinto tsakuwa a rafi idan ruwa ya janye, ko su ɗauko ɓallin dutse a gindin tsauni, su yi ta juya shi a hannu suna son su ga abin da ke cikinsa, alhali kuwa ba ya buɗuwa sai da zarto, domin guduma farfasa shi take yi, ta ɓata abin da ake nema. Ba sayarwa za su yi ba, ba kuwa gini. Sha'awa ce kawai. Daga nan tambayoyi biyu suke tasowa, ɗaya ta zauren malam, ɗaya ta rumfar kasuwa: shin ya halatta Musulmi ya sa dukiyarsa cikin injin da ba zai mayar masa da ko sefa ɗaya ba? In ya halatta, wanne zai saya wanda bai fi ƙarfin aljihunsa ba? A ganina tambayoyin nan biyu tambaya ɗaya ce, kuma wanda ya amsa ta kasuwa da adalci ya riga ya amsa mafi yawan ta zaure.

Sai dai wajibi ne a fara ba masu inkari haƙƙinsu, gama hujjarsu ba ta wasa ba ce. Garwa gari ne na auduga da fatauci, mutanensa sun san wuyar kuɗi, sun san yadda farashin dawa da gero ke hawa tun daga bazara har kaka ta yi. Dattijon da ya ga ɗansa ya kinkimo inji domin ya tsaga tsakuwar da ba ta da mai saye, in ya kira abin almubazzaranci, ba a ce ya jahilci addini ba; a cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da muke karantawa akwai babi sukutum a kan safihi, wato wanda ba ya iya tattalin dukiyarsa, har alƙali yakan hana shi tasarrufi da ita. Kuma rai ajiya ne mai ƙarewa, sa'o'in da aka ɓatar a gaban inji ba su dawowa. Wanda yake da bashi a wuyansa, ko ciyar da iyalinsa bai cika ba, ko yaransa na gida don ba a biya kuɗin makaranta ba, zancensa ya ƙare a nan, babu wani tawilin da zai kuɓutar da shi.

Amma ga wanda ya sauke waɗannan haƙƙoƙi, abin da ya rage a hannunsa kuma nasa ne na halal, lamarin ya fi faɗi. Imamu Shaɗibi, malamin Andalus wanda ya rasu a 1388, ya yi wani bayani a cikin Muwafaƙat wanda ban ga abin da ya fi shi dacewa da wannan mas'ala ba: ya nuna cewa abu yakan zama mubahi idan aka dube shi sau ɗaya, amma hukuncinsa ya sauya idan aka dubi rayuwar mutum gaba ɗaya, ya kuma ba da misali da yawon shan iska cikin lambuna da sauraron kukan tantabaru, waɗanda babu laifi a yi su wata rana, amma in mutum ya mai da su al'adarsa ta kullum sai su zama abin ƙi. Ashe ke nan ba a tambayar tsaga dutse shi kansa, sai dai a tambayi gwargwadonsa a cikin dukiyar mai yi da lokacinsa. Hadisin Hanzala da ke cikin Sahihu Muslim ya tabbatar da cewa zuciya ba ta dawwama a kan hali guda, tana da sa'ar himma da sa'ar hutawa. Mutum kuwa lalle ne ya huta da wani abu, kuma ina ganin wanda ya huta da duban cikin dutse bai fi wanda ya huta da gulma a majalisa asara ba.

Har ma malamanmu na da ba su ɗauki sanin duwatsu a kan wargi ba. Abu Raihan Albiruni, wanda ya rayu a Gazna a ƙarni na 11, ya wallafa Kitabul Jamahir a kan jauhari da ma'adinai, ya auna nauyin kowane dutse da kwatancin girmansa, har alƙaluman da ya samu sun yi kusa ƙwarai da na masu binciken zamanin nan. Abin lura kuwa shi ne, kafin ya shiga zancen yaƙutu da zumurrudu sai da ya yi doguwar gabatarwa a kan dukiya da halin ɗan Adam game da ita, kamar dai ya san cewa wanda zai yi magana a kan duwatsu masu daraja dole ya fara da kwaɗayin masu neman su. Bayansa Ahmad Attifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, ya tsara littafi mai babi 25, kowane babi da dutsensa, da inda ake samunsa, da aibinsa, da kimarsa a kasuwa. Mu ma a ƙasashen nan ba baƙin abin ba ne: fataken Hausa ne suke kai jan dutsen da masu aikin dutse na Ilori ke gogewa su huda su mai da shi lantana, tsakiyar da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya kuwa aƙiƙ ce, wadda da yawanta a Kambat ta ƙasar Indiya aka sassaƙa ta, daga baya kuma a Idar-Obashtain ta Jamus.

Yanzu sai mu koma rumfar kasuwa, inda ake gane mai hankali. Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, zarton dutse ba shi da haƙora irin na kafinta, kuma ba yanka yake yi ba, guga yake yi. Faifai ne na ƙarfe wanda aka dasa wa ƙananan ƙwayoyin daiman a baki, su ne suke cinye dutsen kaɗan-kaɗan sa'ad da faifan ke juyawa. Dalilin haka kuwa sunna ce ta halitta, cewa abu ba ya karce sai abin da bai kai shi tauri ba. Wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera ma'adinai a kan daraja goma a 1812: ma'adinin da ya yi dutsen mabul irin na Figil yana daraja ta 3, har wuƙa tana iya karce shi, ƙanƙarar dutse da aƙiƙ suna ta 7, sun fi ƙarfen wuƙa tauri, yaƙutu, har da shuɗin nan da ake haƙa a ƙasar Adamawa da Mambila, yana ta 9, daiman kuwa shi kaɗai yake ta 10. Da can sai mawadata ke iya mallakar irin wannan faifai, amma tun da aka gano yadda ake ƙera daiman a masana'anta cikin shekarun 1950, ya yi araha har mai sa tayil yana sayensa kamar yadda yake sayen cebur.

Injinan da ke juya wannan faifai iri uku ne mai sha'awa zai gamu da su. Mafi araha, wanda ba a rasa shi a shagon kayan gini ko wajen mai walda, shi ne giranda ta hannu. Mafi tsada shi ne zarton da aka ƙera musamman domin masu sassaƙa jauhari, mai siririn faifai da maƙalar da ke riƙe dutse, wanda manyansa cikin mai suke gudu maimakon ruwa, sai an yi odarsa daga waje, kuɗinsa da na dako da na kwastan kuwa sun ninka na sauran sau da yawa. A tsakaninsu akwai injin tebur na masu yanka tayil, ko karo kamar yadda ake faɗa a Garwa, mai kwarya ta ruwa a ƙarƙashi wadda faifan ke tsoma baki a ciki yana juyawa.

Zuciyar mai son tattali za ta karkata ga giranda, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin a nan arahar take yaudara. Ƙaramar giranda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti guda, an yi ta ne domin a riƙe ta da hannu biyu a kan abin da aka ɗaure. Tsakuwa mai kamar ƙwai kuwa ba ta da inda za a ɗaure ta, sai mutum ya taka ta da ƙafa ko ya dafe da yatsa, in faifan ya cije sai injin ya yi tsalle, ko dutsen ya fita kamar harsashi. Wannan hatsarin a fili yake, kowa na iya gani. Wanda yake a ɓoye ya fi shi muni. Giranda a bushe take yanka, ƙurar da take tayarwa daga dutsen yashi irin na Tingilin ko daga ƙanƙarar dutse tana ɗauke da silika, ƙwayoyinta kuma sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganin mafi cutarwarsu. Suna shiga can cikin huhu su zauna, huhun ya yi ta yin tabo a kansu shekara da shekaru, har numfashi ya gagara, kuma likitoci ba su da maganin da ke mayar da huhun yadda yake. Ciwon yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Masu gogar aƙiƙ na Kambat ɗin nan, waɗanda aikin hannunsu ya ƙawata wuyan kakanninmu, da yawansu wannan cuta ce ajalinsu, domin a bushe suke guga. Rawani da aka naɗe a hanci ba ya tare irin wannan ƙura, kuma ba mai yankan kaɗai ke shaƙa ba, har da yaran da suka kewaye shi suna kallo, da matar da ke tankaɗe a tsakar gida.

Malaman usulu sun jera abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, suka sa rai a gaban dukiya. Saboda haka wanda ya zaɓi giranda domin ya rage kuɗi ya juya jerin ne, ya fanshi na baya da na gaba, kuma ya yi haka a kan abin da ba lalura ba, ba buƙata ba, ƙawa ce kurum. Magini da ke yanka a bushe domin ya ci abinci yana da uzurin da za a saurara, ko da yake shi ma ana yi masa nasiha. Mai sha'awa ba shi da ko ɗaya. Ƙa'idar nan da ke hana cuta da cutarwa ta hau kansa kai tsaye. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma wannan arahar ta wuce rashin ado.

Zarton masu jauhari kuma, babu mai musun kyawunsa. Faifansa bai kai kaurin milimita ɗaya ba a ƙananan injina, saboda haka abin da yake ci daga jikin dutse kaɗan ne, yankansa kuma ya fi santsi. Amma wannan falala tana da amfani ne ga wanda ke tsaga yaƙutu, inda kowane ɗan ɓarɓashi kuɗi ne. Wanda ke tsaga tsakuwar rafi, in faifai ya cinye masa milimita biyu, me ya rasa? Sayen irin wannan inji ga mafari, wanda bai ma tabbata sha'awar za ta kai baɗi ba, shi ne israfin da dattijo ke tsoro, kuma sau da yawa akwai riya a ƙarƙashinsa, wato son a ce wane yana da kayan da babu irinsu a unguwa.

Sai na tsakiya ya rage, kuma shi nake ba da shawara a kai, ba don kowane tsakiya alheri ne ba, sai don dalilai da za a iya ƙirgawa. Ruwan da ke cikin kwaryarsa yana kama ƙurar ya mai da ita taɓo tun ba ta tashi ba, yana kuma sanyaya faifan, abin da ba ƙarami ba ne a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu. Gudunsa wajen sau 3,000 ne a minti, dutse yana zaune a kan tebur, hannu biyu suna tura shi a hankali. Faifansa ana samunsa a gari. Abin da mai saye zai duba shi ne faɗin faifan, domin zarto ba ya yanka sai abin da bai wuce sulusin faɗinsa ba: faifai mai milimita 180 yana cin zurfin kamar santimita 3, mai milimita 250 kuwa kamar 7, kuma mai haƙuri yana iya juya dutsen ya yanko ta ɗaya gefen ya kusan ninka wannan. Ya duba duwatsun da ya riga ya tara, in mafi yawansu ba su wuce lemun tsami ba, ƙaramin ya ishe shi. Daidai ruwa daidai tsaki. Ya zaɓi faifai mai shafaffen baki, ya bar mai giɓi-giɓi ga masu yanka kankare, gama giɓin yana ɓantare gefen dutse. Idan kuɗi bai isa a haɗa inji mai kyau da faifai mai kyau ba, to, a sa kuɗin a faifai, domin shi ne mai aikin, injin juyawa kawai yake yi. Babu aibi a sayi na hannu daga mai sa tayil, muddin an kunna shi an ga faifan ba ya rawa a kan sandarsa. Babu aibi kuma mutum uku ko huɗu su yi tarayya a kan inji guda, su yi sharaɗi tun farko a kan wanda zai sayi sabon faifai idan ya cinye; ko ma mutum ya fara da kai duwatsunsa wajen mai injin ya biya ladan yanka, har ya ga ko zuciyarsa da gaske take.

Wani abu guda ba a rage kuɗi a kansa. Ruwa da lantarki mai ƙarfin bolt 220 sun haɗu a inji ɗaya, saboda haka wayar ƙasa da makunnin da ke katse wuta da kansa idan ta zurare suna cikin kuɗin zarton, haka tabarau na kare ido, kuma taɓon da ya taru a zubar da shi tun yana da danshi, don in ya bushe ya koma ƙurar da aka guje mata. Ba a matsa wa faifai. In ya dakushe, a yanka tsohon dutsen wasa wuƙa ko bulon da aka gasa sau biyu ko uku, sai sababbin ƙwayoyin daiman su bayyana. Wanda bai iya jira ba zai ƙone faifansa a rana ɗaya, kuma zai gane cewa aikin yana koyar da haƙuri ko mutum bai zo neman darasi ba.

Saura haƙƙi ɗaya, wanda mai sabon zarto ya fi saurin mantawa, domin wanda ya mallaki abin yanka yakan ga kowane dutse kamar jiransa yake. Ba kowane dutse ne nasa ba. Tsakuwar rafi da ɓallin da ya faɗo daga tsauni suna kama da itacen daji da ciyawa, na wanda ya riga ne. Ragowar da masu aikin mabul suka zubar, a roƙa ko a saya da ɗan abin da ya sauƙaƙa. Amma ma'adini yana da hukuncin kansa, kuma mashahurin zance a mazhabarmu, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, shi ne al'amarinsa yana hannun shugaba ko da a cikin ƙasar wani aka same shi, abin da ya yi daidai da dokar ƙasa da ke neman izini kafin haƙa. Sha'awa ba ta ɗauke wannan.

Akwai kuma duwatsun da ko izini bai kamata a nema a kansu ba. A Bizar, gaba kaɗan da Figil a kan hanyar Marwa, akwai shimfiɗaɗɗun fale-falen mabul waɗanda mutanen da suka shuɗe suka sassaƙa wa zane wajen 500, mafi yawansu da'irori ne, wasu a haɗe, wasu cikin wasu. Wani Bafaranshe mai suna Buwison ya ba da labarinsu a 1933, Alan Marliyak ya yi musu dogon nazari bayansa, masana sun yi saɓani a kan shekarunsu tsakanin 300 da 3,000, kuma Kamaru ta sa wurin cikin jerin da ta miƙa wa hukumar UNESCO a 2006. Dutsen mai taushi ne, daraja ta 3, mafi arahar faifai zai ratsa shi cikin minti kaɗan, kuma haƙar mabul da ake yi a kewayen ta riga ta zama barazana gare shi. Haka nan a ƙasar Mayo Rai akwai sawun wasu dabbobin zamanin da, waɗanda ake kira dainaso, ya daskare a kan dutse tun kafin a halicci mai dubansa. Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya cikin ƙasa a dubi gurabun waɗanda suka gabata. Wanda ya yanko gurbin ya kai ɗakinsa ya hana dukan masu zuwa bayansa cika wannan umurni a wannan wuri, kuma dukiyar da aka ɓatar a kan inji ana iya sake nemo ta, alhali dutsen da aka raba biyu babu mai haɗa shi. Kamaru tana da dokar tsare kayan tarihi tun 2013, amma doka ba ta tsaye a kan kowane fa a daji. Saboda haka wanda ya tarar da dutse mai zane, ko mai sawu, ko mai siffar ƙashi, ya bar shi inda yake, ya ɗauki hotonsa in yana so, ya sanar da jauro ko lawan na wurin, su kuma su kai maganar ga Lamiɗo da ofishin al'adu na jiha.